Barbizon: Ƙauyen da Aka Zana Manoma da Sitocinsu

A wannan watan za mu ɗan ɗauke ku daga harkokin unguwa, mu kai ku wani ƙauye na ƙasar Faransa da ake kira Barbizon, mai nisan kimanin kilomita 60 kudu da birnin Faris. Ƙauye ne ƙarami ƙwarai, mutanensa ba su kai 2,000 ba, kuma in ana maganar titi, guda ɗaya ne tak ya ratsa shi. Wutsiyar titin ta shige cikin dajin Fontainebleau, kansa kuwa ya buɗe a kan wani shimfiɗaɗɗen fili na gonaki. Har zuwa shekarar 1903 ma garin ba shi da magajin gari na kansa, unguwa ce kurum a ƙarƙashin wani gari na kusa mai suna Chailly. To amma duk wanda ya taɓa ganin hoton nan na mata uku da suka duƙa suna kala a gonar alkama, ko na mace da namiji da suka tsaya addu'a a gonar dankali, ko a kalanda ya gani, ko a jikin gwangwanin biskit, ko cikin littafin karatun Faransanci, to ya riga ya leƙa Barbizon bai sani ba.

Mu malamai shida ne muka je ƙasar domin wani ɗan kwas na makonni uku a lokacin dogon hutu, muka ware kwana biyu daga ciki saboda wannan al'amari. Rana ta farko muka wuni a gidan adana zane-zane na Orsay a Faris, inda ainihin hotunan suke rataye, kashegari kuma muka tafi ƙauyen da aka yi su. Jirgin ƙasa ba ya zuwa Barbizon. Daga Faris mutum zai hau jirgi ya sauka a Melun, tafiyar kamar rabin sa'a, sa'an nan ya nemi mota ta ƙarasa da shi sauran kilomita goma da 'yan kai.

Kafin mu shiga garin, ya kamata mu faɗi abin da ake nufi da zanen fentin mai, don ba irin fentin da muke shafa wa ƙofa da taga ba ne. Garin launi ake niƙawa lilis, wani daga ƙasa ake haƙo shi kamar yadda muke haƙo jar ƙasa da farar ƙasa, wani daga ma'adinai, wani daga ƙonannen ƙashi, sai a kwaɓa shi da man 'ya'yan wani tsiro da Faransawa ke kira lin, a shafa da buroshi a kan ƙyalle mai kauri da aka ɗaure tam a jikin katako. Wannan mai ba ya bushewa da wuri, yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, domin iska ce ke daskarar da shi sannu a hankali. Jinkirin nan kuwa shi ne amfaninsa. Mai zane yana da sararin gauraya launi da launi a kan ƙyallen, ya goge, ya gyara, ya bari ya sha iska ya sake ɗora wani a kai, har ya fito da abin da alli ko tawada ba su iya fitarwa, kamar ƙurar da ke tashi a masussuka in hasken yamma ya ratsa ta. A da, cikin mafitsarar alade masu zane suke ɗaure fentinsu, in suka huda ta kuwa sai ya soma bushewa. A shekarar 1841 wani Ba'amurke mai zane da ke zaune a Landan, John Rand, ya ƙago bututun kuza da ake matsawa, irin wanda muke gani yau da man goge baki. Daga nan ya zama mutum na iya zuba kayan aikinsa a jaka ya nufi daji. Shekara takwas bayan haka, watau 1849, layin dogo ya iso Melun da Fontainebleau. Abubuwan nan biyu su suka ƙara cika Barbizon da baƙi.

Mun ce suka ƙara, domin tun wajen shekarun 1820 da 1830 wasu samari masu zane suka fara zuwa. A zamanin, manyan malaman zane na Faris suna ganin aikin da ya isa a kira shi aiki shi ne zanen sarakuna da yaƙe-yaƙe da labarun mutanen da. Wanda ya zana saniya ko itace ko bukka, ƙaramin ma'aikaci ne a wurinsu. Akwai wani babban baje koli na hukuma da ake yi a Faris, wanda in ba a karɓi aikin mutum a cikinsa ba, da wuya ya sami mai saye. Ɗaya daga cikin mutanen Barbizon, Théodore Rousseau, an yi shekaru ana mayar masa da zanensa daga ƙofar wannan baje koli, har ƙin karɓar ya zame masa laƙabi.

Masaukin waɗannan samari yana nan a tsakiyar titin. Wani mutum mai suna Ganne da matarsa ke da ɗan kanti, suka mayar da gidan wurin kwana da cin abinci a kan kuɗi kaɗan, sau da yawa ma bashi. Tun 1995 gidan ya zama gidan tarihi. Abin da ya fi ba mu dariya a ciki shi ne, baƙin nan ba su bar bango ko ƙofa ko kabad ba sai da suka yi masa zane, musamman ranar da ruwan sama ya hana su fita. Da aka zo gyaran gidan aka ɓare takardun da aka liƙa wa bangon ɗakunan sama, sai ga zane-zanensu a ƙarƙashi. Wani daga cikinmu ya ce da ɗalibinsa ne ya yi wa bangon aji haka, da ya sha bulala, ga shi nan kuwa mun biya kuɗi muna kallo.

Wanda ya fi kowa suna a cikinsu shi ne Jean-François Millet. Abin sha'awa, kalmar millet a Faransanci sunan wani irin gero ne, sai ka ce an san abin da zai zama. An haife shi a 1814 a wani ƙauye na Normandi mai suna Gruchy, a bakin teku, kuma ɗan manoma ne na haƙiƙa, ya yi huɗa, ya yi girbi, ya yanka ciyawa kafin ya kama buroshi. Hukumar garin Cherbourg ce ta ba shi tallafin karatu ya tafi Faris a 1837. Birnin bai karɓe shi ba sosai. A 1849 annobar kwalara ta ɓarke a Faris, ya kwashi iyalinsa tare da abokinsa Charles Jacque suka yo Barbizon, ya kuwa zauna nan har mutuwarsa a 1875, ya bar 'ya'ya tara.

Ɗakin aikinsa, wanda muka shiga, asalinsa sito ne na manoma. A nan sai mu tsaya mu yi bayani, domin abin da Turawa ke ginawa a gona ya sha bamban da rumbunmu. Mu rani ne ke ba mu sararin sussuka da shiƙa a fili, dabba kuma tana kwana a turke a waje shekara duka. Su kuwa hunturu ne da ruwan sama suka yi musu tsarin gini. Dole alkama ta shiga ƙarƙashin rufi da damenta kafin ruwa ya ruɓar da ita, dole a tara busasshiyar ciyawar da shanu da tumaki za su ci na wata huɗu ko biyar, dole kuma dabbobin kansu su sami ɗaki. Saboda haka suke gina wani ƙaton ɗaki na dutse da manyan katakai, mai ƙofa doguwa wadda amalanke zai shiga da lodinsa, a tsakiya a bar daɓe inda maza za su wuni suna bugun alkama da sanda mai gaɓa biyu duk tsawon sanyi. A wannan yanki gidan gona yakan zama kamar ƙaramar ganuwa: gidan kwana, da sito, da garken tumaki, da bargar dawaki, duk sun kewaye tsakar gida ɗaya, tarin taki a tsakiya, kaji na tono a kansa. Ko majami'ar Barbizon ma tsohon sito ce na gidan Rousseau aka gyara.

Cikin irin wannan ɗaki Millet ya sa mutumin da ya fara fito da sunansa. A baje kolin 1848 ya nuna zanen wani mai shiƙa, shi kaɗai a cikin duhun sito, ya tokare wani faffaɗan kwando da gwiwarsa yana girgizawa, ƙaiƙayi na tashi kamar hayaƙin zinariya. Mu da muka saba ganin shiƙa a hannun mata, da faifai da ƙwarya a inda iska ke kaɗawa, sai abin ya zo mana banbaraƙwai, namiji ƙato yana shiƙa a ɗaki. Ainihin wannan zane yana Landan yanzu. Abokinsa Jacque kuwa garken tumaki ya fi zanawa, da hasken da ke shigowa ta ƙofa yana sauka a bayan tumakin, da kaji a kan tsani. Shi har kiwon kaji ya yi a Barbizon, ya wallafa littafi a kan kiwonsu a 1858. In ka dubi kajinsa ka san mai zanen ya taɓa share akurki.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Millet ba a gona yake zama ya yi manyan zanensa ba. Yakan fita ya yi ta kallo, ya ɗan zayyana da fensir a ƙaramin littafi, sa'an nan ya koma ɗaki ya yi aikin da ka, wani zanen ya shekara yana juya shi. Ɗakin kuwa ƙarami ne, taga ɗaya babba ke ba shi haske.

Yanzu bari mu koma kan matan nan uku, domin a gabansu muka fi daɗewa. Gidan Orsay tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce da aka gina a 1900, aka mayar da ita gidan zane-zane a 1986. Zanen masu kala, wanda aka fara nunawa a 1857, bai kai girman da muka zata ba: faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya, tsayinsa kamar santimita 84. Mata biyu sun duƙa har ƙasa, kowacce hannu ɗaya na tsinta, ɗaya na riƙe da 'yan zangarniyoyin da ta samu. Ta ukun ta ɗan ɗago, amma bayanta bai miƙe ba, irin ɗagowar wanda ƙugunsa ya riƙe. Ba a ganin fuskokinsu sosai, ɗankwali ya rufe, sai hannuwa masu kauri da suka sha rana. Abin da kalanda ba ta nunawa da kyau shi ne abin da ke can bayansu. Can nesa, cikin haske fari tas, ga tarin damman alkama kamar duwatsu, ga amalanke an yi masa lodi har ya yi tozo, ga ma'aikata da yawa suna ta ɗauri, ga gine-ginen gidan gonar, ga kuma wani mutum a kan doki, wakilin mai gona, yana lura da kowa. Shekarar albarka ce ke nan. Su kuwa matan suna cikin inuwa, kuma mai zanen ya yi dabara yadda kawunansu duka suna ƙasa da layin da sama ta haɗu da ƙasa, kamar dai gonar ta danne su. Babu kuka a zanen, babu roƙo. Mutum ne kawai zai auna abin da ke hannunsu da abin da ke bayansu.

Ba sai an yi wa Bahaushe fassarar kala ba. Duk wanda ya tashi a karkara ya san matan da ke bin gonar gyaɗa bayan an gama cira, da 'yar fartanya da ƙoƙo, da yaran da ke tsintar zangarniyar dawa da ta zube a hanyar rumbu, ya kuma san mai gonar kirki ba ya korarsu. A Faransa abin har doka gare shi. Wata dokar sarki ta shekarar 1554 ta ba tsofaffi da naƙasassu da yara da marasa ƙarfi izinin yin kala, da sharaɗin sai an kwashe amfanin gona tukuna, kuma da rana tsaka, daga fitowarta zuwa faɗuwarta. Har yau kala ba laifi ba ce a ƙasar in an bi sharuɗɗa. A shekarar 2000 wata mai shirya fim, Agnès Varda, ta bi masu kala na zamani da kyamara, daga masu tsintar dankalin da inji ya bari har masu tsintar abin da aka zubar bayan an tashi kasuwa. A 2016 kuma aka yi dokar da ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai ɓaci ba, aka wajabta musu neman ƙungiyoyin agaji su ba su.

Mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa wannan zane mai sanyi ya tayar da hankalin masu kuɗin Faris. Dalili kuwa shi ne, shekara tara kacal ke nan da juyin juya halin 1848, kuma mafi yawan mutanen ƙasar a lokacin mazauna karkara ne. Ganin an ɗauki matan da suka fi kowa talauci a ƙauye an ba su girman da aka saba ba sarauniyoyi, sai wasu marubutan jaridu suka ce ai wannan tunzura talakawa ne. Haka aka sake yi masa a 1863 da ya nuna wani mutum da ya jingina da fartanyarsa a cikin gona mai duwatsu da ƙaya, baki buɗe don gajiya. Shi dai Millet bai shiga jam'iyyar kowa ba. A ganinmu abin da ya dame su shi ne, bai yi wa na-duƙe kwalliya ba. Kafin shi ana zana manoma, amma da kumatu jajaye da tufafi masu tsabta suna rawa, irin waɗanda mai gida zai rataya a falo ya ji daɗi.

Zane na biyu, wanda ya gama a 1859, ya fi na farkon ƙanƙanta, santimita 55 ne a 66. Mabiya ɗariƙar Katolika suna da wata addu'a da ake kaɗa mata ƙararrawa sau uku a yini, safe da tsakar rana da yamma, ana kiranta Anjelus. Ga namiji ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ga mace ta haɗa hannuwa ta sunkuyar da kai, kwandon dankali a tsakaninsu, cebur mai yatsu a kafe a ƙasa, baro da buhuna a gefe, can nesa kuma hasumiyar majami'ar Chailly. Millet da kansa ya bayyana cewa kakarsa ya tuna, wadda in ta ji ƙararrawa suna gona takan tsayar da su aiki a yi wa matattu addu'a. Addini daban ne, amma tsayuwar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa ganin manomi ya kafe fartanyarsa ya koma gindin itace don sallar la'asar.

Labarin kuɗin wannan zane kuwa shi ne ainihin kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani Ba'amurke ne ya sa a yi masa shi, bai zo ya karɓa ba, Millet ya sayar da shi a kan faran 1,000. Ya yi ta sauya hannu, farashi na hawa. A 1889, shekara 14 bayan mutuwar mai zanen, aka yi gwanjonsa a Faris a kan faran 553,000, kuma ba irin sefar da ke aljihunmu ba, faran na wancan zamani da leburan gona ke wuni yana aiki a kan biyu ko uku. Iyalinsa ko anini ba su gani ba. Wannan na cikin abubuwan da masu fafutuka suka riƙa kafa hujja da su har Faransa ta yi doka a 1920, wadda ta ce duk lokacin da aka sake gwanjon aikin mai zane, a ba shi wani kaso, ko a ba magadansa. Amma gaskiya ɗaya ce, kada a ce Millet da yunwa ya mutu, kamar yadda wasu masu ba da labari suke son faɗa. Ya sha wuyar bashi a shekarun 1850, amma daga baya ya sami masu saye, har gwamnati ta ba shi lambar girma a 1868. Bayansa kuma wani ɗan ƙasar Holan, Vincent van Gogh, ya ɗauke shi tamkar uba a sana'a, ya kwaikwayi zanensa fiye da 20 lokacin da yake jinya a 1889 da 1890.

Daga ƙarshen titin muka shiga dajin kaɗan. A jikin wani dutse an kafa allon tagulla mai fuskokin Millet da Rousseau tun 1884. Rousseau ne ya kai kuka ga hukuma a kan saran tsofaffin itatuwa da fasa duwatsu, kuma a 1861 aka keɓe hekta 1,097 na dajin aka hana taɓa su, domin kyansu kawai. Shekara 11 ke nan kafin Amurka ta kafa gandun Yellowstone. Masu zane ne suka ceci itatuwa, ba masu gandun daji ba.

Barbizon ta yau fa? A nan ne jikinmu ya ɗan yi sanyi. Titin nan guda ya cika da shagunan sayar da zane da otal-otal da gidajen abinci masu tsada, kuɗin shayi kofi ɗaya a inda muka zauna zai ciyar da gida guda a wuni a wurinmu. Bangayen dutsen suna nan, manyan ƙofofin da amalanke ke shiga suna nan, amma in aka buɗe su mota za ka gani da furanni. Ba mu ji warin taki ba ko sau ɗaya. Ba a Barbizon kaɗai abin yake ba. A 1955 Faransa tana da gonaki kimanin miliyan 2.3, ƙidayar 2020 kuwa ta sami kimanin 390,000. Injin girbi yana yanka ya sussuke ya shiƙe a tafiya ɗaya, hatsin ya wuce kai tsaye zuwa manyan rumbunan ƙarfe na ƙungiyoyin manoma, saboda haka tsohon sito ba shi da sauran aiki. Wani ya rushe, wani an mayar da shi gidan hutun mutanen birni, wani zauren biki.

A shagunan kuwa zanen tsohon sito na nan birjik, sabo fil, da fentin mai: rufi ya lotsa, ƙofa ta karkace, furanni a gindin bango, rana na faɗuwa. Wasu an yi su da gwaninta, ba mu raina hannun masu su ba. Abin da muka lura shi ne, kusan dukkansu babu mutum a ciki. An bar ginin, an cire mai gumin. Mai saye yana son ya tuna ƙauyen kakansa ba tare da ciwon bayan kakan ba, mai zane kuma ya san abin da kasuwa ke so. Wannan shi ne ainihin abin da Millet ya ƙi yi, ga shi ana sayar da shi taku kaɗan daga ƙofar ɗakinsa.

Ba mu bar garin ba sai da maganar gida ta taso a tsakaninmu. Yaran da ke gabanmu a aji, a Briketeri ta Yawunde ko a New Bell ta Duwala, jikokin fatake ne da mahauta da malamai, da yawansu ba su taɓa ganin rumbu da idonsu ba, kalmar kawai suke ji a karin magana. Wanda ya bi hanyar Garwa zuwa Marwa shekaru ashirin da suka wuce ya sake binta yau ya san buhu da ɗakin kwano suna cin rumbun ƙasa da na zana. Dogayen ɗakunan ƙasa na Musgum da ke wajen Pouss, waɗanda marubucin Faransa André Gide ya gani a 1926 ya yaba, saura ƙiris su ƙare kafin a farga a sake gina 'yan kaɗan. Ba muna cewa manomi ya zauna cikin wahala don mu sami abin kallo ba. Wanda gobara ta taɓa cinye wa rumbu yana da hujjarsa in ya sayi kwano. Amma akwai ilimi a jikin rumbu: duwatsun da ake ɗora shi a kai saboda gara da damshi, yadda ake jera dami, toka da ganyen da ake sawa saboda ƙwari, hular jinka da ake ɗagawa da sanda. Faransawa sun rasa sitocinsu amma sun san kamanninsu da kamannin masu aiki a cikinsu, saboda wasu sun zauna sun duba sun zana. Mu wa ya zana mana matan da ke dashen masakwa a karal, ko mai ɗaurin dami?

Za a ce ai yanzu kowa na da waya mai ɗaukar hoto. Haka ne, a ɗauka, ya fi babu. Sai dai mu malamai mun san bambancin yaron da ya ɗauki hoton abu da wanda aka ce ya zana shi. Na biyun dole ya ƙirga duwatsun gindin rumbun, ya tambayi dalilin da ya sa bakinsa ke sama ba ƙasa ba. A jadawalin makarantun firamare akwai sa'ar zane, amma a makarantu da yawa ita ce ta farko da ake haɗiyewa in jarrabawa ta matso, iyaye kuma ba su tambaya. Fentin mai yana da tsada, gaskiya ne, amma Millet kansa da gawayi da fensir ya fara, kuma yaran da ake kaiwa ƙauye hutu ba su rasa gawayi ba.

Da la'asar muka taka zuwa Chailly, tafiyar kamar kilomita biyu a cikin fili. A maƙabartar garin aka binne Rousseau a 1867, aka kuma binne Millet kusa da shi a 1875, domin a zamaninsu Barbizon ba ta da maƙabarta. Hasumiyar majami'ar tana nan yadda take a zanen, ana hango ta daga nesa saboda ƙasar ba ta da tudu. Filin kuwa yanzu ya yi suna ne wajen noman salak da ake kaiwa kasuwannin Faris, layi-layi kore shar, bututun ban ruwa na feshi a kai. A wata gona da ke bakin hanya mun tarar da tarakta tana tafiya a hankali da akwatuna a bayanta, mutane kamar goma sha biyu suna biye da ita a duƙe, kowa da 'yar wuƙa, suna yankan salak ɗaya bayan ɗaya, domin wannan aikin har yanzu hannu yake so. Muka yi musu sannu da aiki da Faransanci, biyu suka ɗago suka amsa, sauran ba su ɗago ba. Daga nan muka nemi motar Melun don kada jirgin yamma ya bar mu.